Yadda Ake Shirya Mota Don Gasar Sauti

Gasar sautin mota iri biyu ce, kuma wanda bai rarrabe su tun farko ba zai zuba kuɗinsa a inda ba za su amfane shi ba. Akwai gasar ƙarfin sauti da ake kira SPL. A wannan ana liƙa na'urar awo a cikin mota, a rufe ƙofofi, a saki bes, wato sauti mai kauri, lambar desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) da ta fito ita ce hukunci. Akwai kuma gasar ingancin sauti, wato SQ, inda alƙali zai zauna a kujerar direba ya saurari waƙoƙin da ƙungiyar ta tanada, ya ba da maki a kan tsabtar murya, da wurin da kowane kayan kiɗa yake fitowa, da kyawun aikin haɗin. Motar da aka gina don ɗayan da wuya ta yi abin kirki a ɗayan, saboda akwatin lasifikar da yake ba da ƙara mafi tsanani a zango guda, wato mataki ɗaya na kauri ko kaifin sauti, ba ya iya fitar da waƙa yadda aka ɗauke ta.

Kafin ka sayi ko waya guda, nemo kundin dokokin ƙungiyar da za ka shiga gasarta, na shekarar da ake ciki. Manyan ƙungiyoyin su ne IASCA da MECA da USACi da dB Drag Racing, waɗanda tushensu yake Amurka, sai EMMA da ta taso daga Turai. Kowacce da yadda take raba ajujuwa: wata da yawan wufa (babbar lasifikar bes) da girmanta, wata da ƙarfin amfilifaya (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi) ko girman fiyus, wata da yawan batir, wata kuma da irin sauyin da aka yi wa motar. Cire kujerar baya ko ɗaga akwati ya wuce layin taga zai iya jefa ka cikin ajin waɗanda suka shekara goma suna wannan harka. Dabara ita ce ka zaɓi aji tukuna, sannan ka gina mota ta cika iyakar ajin ba tare da ta ƙetare ba.

Wuta ce tushen komai

Amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta, abin da batir da altaneta suka ba ta shi take juyawa. Yi lissafi da kanka. Amfilifaya mai wat 1,500, nau'in da ake kira aji D, wadda take mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ta sha zuwa sauti, tana buƙatar wat 1,875. Raba wannan da volt 13.8, za ka samu amfiya kusan 136. Altanetar da take zuwa da ƙaramar mota galibi tsakanin amfiya 70 da 150 take bayarwa, kuma fitilu da fanka da famfon mai sun riga sun ci nasu rabon. Shi ya sa fitila take lumshewa duk lokacin da bes ya buga.

Aikin farko shi ne ƙara kaurin wayoyi uku: daga fozitif ɗin altaneta zuwa fozitif ɗin batir, daga negatif ɗin batir zuwa jikin mota, da kuma daga inji zuwa jikin mota. Ba sai ka cire na asali ba, ɗora sababbi a kansu. Ga amfilifaya da ta haura wat 1,000, waya mai lamba 1/0 ake sakawa, wadda kaurinta ya kai kusan milimita murabba'i 50. Mai lamba 4, wato kusan murabba'i 21, ta ishi ƙaramin haɗi. Ka lura da abin da yake cikin robar. Akwai waya ta tsantsar jan ƙarfe, akwai ta alminiyum da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda take ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku kawai na abin da ta gaskiya take ɗauka, kuma tana saurin cin tsatsa a bakin mahaɗa. Yanka bakinta ka duba: idan tsakiyar zaren fari ne, alminiyum ce.

Fiyus yana kare waya ne, don haka da kaurin wayar ake auna girmansa. Waya 1/0 ta jan ƙarfe ana ba ta fiyus har zuwa amfiya 300, mai lamba 4 kuwa 125 zuwa 150. Dole ya zauna kusa da kan batir. IASCA ta ce cikin inci 18, EMMA ta ce cikin santimita 40, saboda haka idan ka ajiye shi a santimita 30 ka tsira a duka biyun. Idan akwai batir na biyu a but, wayar da ta haɗa su tana buƙatar fiyus a kowane ƙarshe, domin wuta za ta iya zuwa wurin da wayar ta ƙuje daga kowane ɓangare. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Wannan ba don maki kaɗai ba ne, motoci suna ƙonewa ƙurmus saboda ramin da aka bari babu roba.

Wayar negatif ta amfilifaya ta zama gajeriya, kaurinta daidai da na fozitif, a kankare fenti sai ƙarfe ya yi ƙyalli kafin a ɗaure. Bayan an gama, sa maltimita, na'urar auna wuta, a bakin amfilifayar kanta, a saki bes da ƙarfi. Idan wutar tana sauka ƙasa da volt 12 alhali inji yana aiki, akwai sauran aiki: ko ƙarin batir, ko babbar altaneta. Kada ka haɗa tsohon batir da sabo, kada kuma ka haɗa na litiyum da na AGM (rufaffen batirin dalma) kai tsaye ba tare da ka tabbatar wutar cajinsu ta dace da juna ba, domin ɗaya zai riƙa zuƙe ɗaya.

Saita amfilifaya

Maɓallin geyin ba na ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita siginar da rediyo yake turowa da abin da amfilifaya take iya ɗauka. Idan aka murɗa shi ya wuce kima, saman igiyar sautin zai yanke ya zama shafaffe, wuta mai yawa ta riƙa kwarara cikin koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da take motsa faifan wufa, sai zafi ya taru, gam ya narke, ka ji wari. Mafi yawan wufar da take mutuwa a hannun sababbin shiga ta nan take mutuwa.

Don saita geyin, cire wayar lasifika daga amfilifaya. Kashe duk wani ƙarin bes da ke rediyo da jikin amfilifayar. Kunna sautin gwaji na 50 Hz (Hz shi ne ma'aunin zango), ka kai muryar rediyo kusan kashi uku cikin huɗu. Lambar da kake nema ita ce tushen murabba'i na wat sau om, wato ma'aunin nauyin da wufa take ɗora wa amfilifaya: wat 1,500 a om 1 zai ba ka volt 38.7, wat 500 a om 2 kuwa 31.6. Murɗa geyin a hankali har maltimita, a sashen AC, ta nuna wannan lamba. Hanyar tana da rauni guda: ta ɗauka cewa abin da kamfani ya rubuta a kwali gaskiya ne. Ƙaramin osiloskof na hannu, na'urar da take zana igiyar sauti a allo, ya fi, domin da idonka za ka ga lokacin da saman igiyar ya fara shafewa, sai ka ɗan koma baya.

Ga mai neman lamba

Kowace mota tana da zangon da cikinta ya fi amsawa, ya danganta da tsawonta da faɗinta da yadda jikinta yake lanƙwasa. A yawancin motoci yana faɗawa tsakanin 45 da 65 Hz, ƙaramar mota ta fi ba da na sama. Gano wannan lamba shi ne rabin aikin. Sa wufa a rufaffen akwati, ajiye shi inda na gaskiya zai zauna, liƙa sensa a inda alƙalai za su liƙa tasu, ka riƙa kunna sautin gwaji daga 40 har 70 Hz, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da taɓa murya ba. Rubuta abin da kowanne ya bayar. Inda lambar ta fi tashi, nan ne zangon motarka.

Wurin sensa yana sauya komai. A dB Drag Racing ana liƙa sensar Term-LAB a gilashin gaba ta gefen fasinja, inci 4 sama da dashbod, inci 12 daga ginshiƙin gilashin. Wasu ƙungiyoyin a wajen ƙafar fasinja suke aunawa, wasu a matashin kan kujera. Motar da aka saita don gilashi za ta iya rasa desibel mai yawa idan aka auna ta a wani wurin.

Daga nan sai akwati. Katakon MDF ko falewud mai kyau mai kaurin milimita 18, fuskar da wufa za ta zauna a ninka ta biyu, a sa gam a kowace mahaɗa kafin sukuru, a tokare manyan bangarori daga ciki. Bangon akwati idan yana motsi, sautinka ne yake tsiyayewa. Wufa mai inci 12 galibi tana son lita 50 zuwa 70 a akwati mai bututun iska, kuma wannan adadin bayan an cire wurin da wufar da bututun da tokare suka cinye ne. Faɗin bakin bututu na motar yau da kullum kusan santimita murabba'i 3 ne ga kowace lita. Na gasar ƙarfi zalla ya fi haka nesa ba kusa ba. A goge gefunan bakin su zama masu zagaye, in ba haka ba iska za ta riƙa huci maimakon ta zama sauti.

Tsawaita bututu yana saukar da zangon akwati, gajarta shi yana ɗaga shi. Masu gasa sukan saita akwati 'yan Hz kaɗan ƙasa da zangon motar, sannan su ci gaba da gwaji. Saboda haka gina bututun da ake kwancewa da sukuru, ka fara da dogo, ka riƙa rage santimita biyu kana aunawa. Yankewa tana da sauƙi, mayar da abin da aka yanke shi ne wahala. Idan kana son sanin inda akwatin ya tsaya a zahiri, kunna sautin gwaji a ƙaramar murya ka kalli faifan wufa: a zangon da ya fi ƙin motsi alhali iska tana fita ta bututu da ƙarfi, nan ne. Ƙasa da wannan zango wufa ba ta da abin riƙewa, za ta yi ta lilo har ta bugi gindinta, don haka a kunna matatar da take yanke can ƙasan sauti. Akwatin 35 Hz, a sa ta wajen 27.

Akwai wani abu da yake rikita mutane. Ka haɗa wufa a om 1, amma da zarar ta fara motsi cikin akwati, nauyin da amfilifaya take gani yana tashi. Sa kilam-mita, mitar da ake maƙala wa waya don auna amfiya, a wayar lasifika, maltimita kuma a bakin amfilifaya, a saki sautin. A ce ka ga volt 42 da amfiya 14. Raba su, om 3 ke nan. Ninka su, abin da yake isa wufar bai kai wat 600 ba, daga amfilifayar da aka rubuta wa 1,500. Ba lalacewa ba ce, haka lamarin yake a kowace mota, amma sai ka san wannan lamba za ka san ko wuta ce ta rage maka ko akwati.

Kuma a tuna yadda desibel yake tafiya: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a lissafi, a aikace ma bai cika kaiwa ba saboda zafin koyil da faɗuwar wuta. Ƙarin desibel 10 sai wuta ninki goma. Wannan ne dalilin da ya sa gwanaye suke neman ɗigo-ɗigo a wuraren da ba a sayen komai: juya fuskar wufa sama ko baya, matsar da akwati santimita biyar daga ƙofar but, tura kujerar fasinja gaba ko kwantar da ita, sauke marufin rana, toshe robar ƙofa da take sakin iska, manna takardar butil, wato roba mai ɗanko, a rufin mota don ya daina lanƙwasa. Kowanne zai iya ba da desibel 0.1 ko 0.3. Sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, ka rubuta a littafi. Idan ka sauya uku lokaci guda lambar ta tashi, ba ka san wanne ya taimaka ba, wataƙila ma ɗaya ya rage maka.

Sakin sautin gasa sakan biyu zuwa uku ne, a ɗaga murya da sauri a sauke. Koyil mai zafi yana ƙin karɓar wuta, don haka gwaji na biyar a jere ba zai kai na farko ba. Zafin iskar cikin mota ma yana matsar da zangon, domin sauti ya fi gudu a iska mai zafi. Ajiye sautukan da suke Hz ɗaya ko biyu sama da ƙasa da naka a filasha.

Kada ka zauna a ciki ba abin toshe kunne. Ƙa'idar kare ji a wuraren aiki ta ce desibel 85 na awa takwas ne, kuma kowane ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Motar gasa ta matsakaicin aji tana wuce 140, manyan motocin da aka cika da kankare da gilashi mai kauri sun haura 180, waɗannan daga waje ake sarrafa su. In dokar ajinka ta yarda da rimot, yi amfani da shi. Jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ga sabon shiga, Bass Race ta dB Drag Racing ta fi dacewa. Waƙa ake kunnawa tsawon sakan 30, a ɗauki matsakaicin ƙarfinta, kuma ajujuwan suna da rufi kamar 129.9 da 139.9 da 149.9. Wanda ya wuce rufin ajinsa ya faɗi. A nan iya riƙe maɓallin murya da sanin waƙarka sun fi yawan kaya tasiri.

Ga mai neman inganci

Alƙalin SQ yana son ya rufe ido ya ji mawaƙi a tsakiyar dashbod, kayan kiɗa a jere daga hagu zuwa dama, dandamalin, wato inda kunne yake ji kamar mawaƙan suna tsaye, ya kai tsayin ido, bes kuma ya zama daga gaba yake fitowa duk da cewa wufa tana but. Matsalar ita ce direba yana zaune a gefe guda, kusa da lasifika ɗaya, nesa da ɗaya, ga gilashi yana mayar da sauti ta ko'ina.

Fara da ƙofofi. Manna takardar butil a ƙarfen waje, rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi ya isa ya kashe rawar ƙarfen. Abin da ya fi muhimmanci shi ne toshe manyan ramukan ƙarfen ciki, domin sautin bayan lasifika idan ya zagayo ya haɗu da na gaba suna kashe juna, bugu da nauyin ganga su ɓace. Lasifikar ta zauna a kan zobe mai tauri wanda ruwa ba ya lalatawa, a sa soso tsakaninta da murfin ƙofa. Tabbatar ba a juya wayoyi ba: taɓa bakin lasifika da ƙaramin batir na volt 1.5, fozitif a fozitif, faifan ya tura waje. Kada a yi wa tiwita, ƙaramar lasifikar sauti mai kaifi, wannan gwajin.

Sauran aikin na DSP ne, na'urar da take ba kowace lasifika hanyarta. Wurin farawa mai aminci: wufa ta tsaya a 80 Hz zuwa ƙasa, lasifikar ƙofa ta ɗauka daga 80, tiwita daga wajen 3,000 zuwa sama, duka a gangaren desibel 24, wato saitin kaifin yankewa. Kada tiwita ta sauka ƙasa da ninki biyu na zangon rawarta da kamfani ya rubuta, kuma sa mata kafasita a kan layi, ta kare ta daga bes ranar da saitin DSP ya goge. Idan akwai ƙaramar lasifikar tsakiya a dashbod ko ginshiƙi, ta karɓa daga 300 ko 400 Hz, wannan yana ɗaga muryar mawaƙi daga wajen gwiwa zuwa sama.

Sai daidaita lokaci. Sauti yana tafiyar santimita 34.3 a kowane milisakan. Zauna yadda alƙali zai zauna, a auna daga tsakiyar kanka zuwa kowace lasifika. A ce sitiyari yana hagu, ƙofar hagu santimita 95, ta dama 140, wufa 170. Mafi nisa ba a jinkirta ta. Ta dama ta fi wufa kusa da santimita 30, jinkirinta milisakan 0.87. Ta hagu da santimita 75, nata 2.19. Wannan mafari ne kawai. Kunna muryar mutum ɗaya da aka ɗauka a tsakiya, ka riƙa matsar da jinkirin kaɗan-kaɗan har muryar ta dunƙule wuri guda a tsakiyar dashbod. Galibi sai an rage ƙarfin gefen direba da desibel biyu ko uku. Idan bes yana jan kunne zuwa baya, juya fozitif da negatif na wufa a cikin DSP ka saurara, ko ka saukar da inda aka yanke ta zuwa 63.

Wajen gyaran zango, makirfon awo da manhaja irin REW sun fi kunne gaskiya a matakin farko. Kunna hayaniyar gwaji, auna kowane gefe shi kaɗai kana kewaya makirfon a wajen kai. Babban burin shi ne hagu da dama su yi kama da juna, domin duk zangon da gefe ɗaya ya fi ƙarfi, kayan kiɗan da suke wannan zango za su gudu can. Ba a son layi miƙaƙƙe ɗoɗar, a mota yana fitowa siriri. Ana barin bes ya ɗara tsakiya da desibel 8 zuwa 10, sama kuma ya gangara a hankali. A zanen da manhajar ta nuna, rage tudu, kada ka cike rami. Ramin da ya samu saboda sauti yana kashe kansa, ko nawa ka ƙara masa ba zai cika ba, lasifika kawai za ka wahalar.

Kukan da yake tashi da sauka tare da totur daga altaneta yake, kuma galibi negatif mara kyau ne ko geyin da ya yi yawa. Alƙalai suna gwada wannan, suna kuma sauraren sautin “fat” lokacin kunnawa da kashewa. Wajen makin haɗi, ɗauki hoton kowane aiki kafin ka rufe shi: wayar da ke ƙarƙashin kafet, zoben roba, cikin ƙofa, ƙusoshin da suka riƙe akwati da jikin mota. Abin da alƙali bai gani ba, ba zai ba shi maki ba.

Ranar gasa

Caja batir ya cika tun daren jiya, kuma kada ka ƙarar da shi wajen yi wa 'yan kallo nuni kafin a kira ka. Kwashe duk tarkacen da ke aljihun ƙofa da dashbod, tsabar kuɗi guda tana iya ɓata maki. Tafi da fiyus na ajiya, da maltimita, da sifana, da kwamfutar da take ɗauke da saitin DSP, da sautukan gwajinka a filasha biyu. Isa da wuri don a duba motar a tabbatar da ajinta, ka tambayi ko ana barin inji a kunne da iyakar gudun da aka yarda masa. Kada ka taɓa saiti a filin gasa sai dai in wani abu ya lalace, domin kunnen da ya wuni cikin hayaniya ba abin dogaro ba ne. Mai SQ ya sa alama a matsayin kujera da lambar muryar da ya yi saiti a kanta, ya kashe fanka, ya nuna wa alƙali maɓallan murya da na sauya waƙa.

Bayan an gama, karɓi takardar makinka ka nemi alƙalin ya yi maka bayanin layin da ka fi rasa maki. Idan ya ce tsakiyar dandamali ta karkata hagu a muryoyin mata, ka san tsakanin 1,000 da 4,000 Hz na gefen hagu za ka fara aunawa idan ka koma. Mai SPL kuma ya rubuta lambar da na'urar gasa ta ba shi kusa da wadda tasa ta bayar a gida, da Hz ɗin da ya kunna, da volt ɗin da batir ya sauka zuwa gare shi lokacin sakin.